Yayen Hanifa

Asabar, 26 ga Yuli, bayan la'asar

Gida ya cika, alhamdu lillahi, ko wurin ajiye ƙafa babu. Jikoki goma sha ɗaya: na ɗana Mahmud biyar, na autata Ammatullahi uku, sai uku daga unguwar Maisandari. Duk dogon hutu suna zuwa, amma ba a taɓa juye min su rana ɗaya kamar an kifar da kwandon tumatir ba. Shirin Mahmud ne. Ya ce, "Iya, in duka suka zo, na Maisandari ba za su ga wani abu daban ba."

Na Maisandari 'ya'yan babbata ne. Ba zan rubuta sunanta ba. Bakina bai taɓa faɗarsa ba, ba kuwa a takarda zan fara ba. 'Yar fari ce. Uwata har ta koma ga Allah ba ta kira sunan yayanmu ba, kuma ba wanda ya ce ba ta son sa. A nan unguwar Lamisula aka haife ni, amma gidanmu gidan Kanawa ne, kunyar ɗan fari da ita muka tashi. Ana yaye yarinyar nan uwar mijina Malam ta ɗauke ta, ita ta raine ta, ita ta aurar da ita. Ni Yaya take ce min har gobe.

Mijinta Haruna ne ya kawo su. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya miƙo min Hanifa da ledar kayanta, ya ce, "Iya, ga yaye." Yaye a shekara ɗaya da 'yan watanni! Gobe za a kwantar da uwar a asibiti, maganin da za su ba ta kuma ba a shayarwa da shi. Yara an ce musu Kano ta tafi kwas. Ya daɗe a durƙushe yana jiran in tambaye shi me likita ya gani. Na ce ya gai da gida.

Ban tambaya ba. Shi suruki, ita 'yar fari, ta ina zan fara?

Lahadi, 27 ga Yuli, da hantsi

Hanifa ta ƙi kunu, ta ƙi madara, ta ƙi kowa. Da na ɗauke ta sai ta hau laluben gaban rigata. Na ce, "Ke ja'ira, wannan kasuwa ta daɗe da tashi." Yara suka yi ta dariya har da faɗuwa. Yayarta Rumaisa'u ce kaɗai ba ta yi ba. Shekararta goma sha biyu, amma kallonta na manya ne. Ta karɓe ta ta goya, ta yi ta zagaye gindin darbejiya da ita har ta yi barci.

Talata, 29 ga Yuli, bayan azahar

Ina dalili! Buhun gero da na ce zai kai mu ƙarshen damina ya fara sunkuyawa. Na yi burabisko a babbar tukunyar biki, kafin in juya in ɗauko miya sun fara ci gaya. Mikail, babban ɗan Mahmud, wai shi ne angona. Na ce miji ba cefane sai cin na farko da na biyu? Ya ce in yi haƙuri, albashi ne bai shigo ba. Ɗan shekara tara!

Malam kuwa an taɓa masa sana'a. Ya wanke hulunan mutane na Kasuwar Litinin, ya jera su a kan kututturensu suna shan rana, sai ga 'yan biyun Ammatullahi sun ɗora wa akuya ɗaya. Na zaci yau za a ji ihunsa har bakin titi. Sai ya tsaya ya ƙare wa akuyar kallo, ya ce wallahi ta fi mai hular kyau da ita. Da a ce 'ya'yansa ne suka yi haka a da, da sun kwana da tabo. Tsufa ya mai da shi lagwani.

Kullum bayan la'asar yana tafiya can asibiti. Ba na cewa ina za ka, shi ma ba ya cewa ga inda za ni.

Laraba, 30 ga Yuli, da yamma

Mutumin nan akwai dabara. Da ya dawo sai ya shimfiɗa tabarma daidai ƙofar kicin inda nake tankaɗe, ya ɗora Hanifa a cinya, ya ce mata, "Wushe, sannu amaryata. Yau na ga uwarki. Ta sha shayi rabin kofi. An ɗebi jininta an kai gwaji. Ta ce a gai da mutanen gida." Hanifa tana jan gemunsa, ni ina tankaɗe garin da na riga na tankaɗe.

Shekara arba'in da wani abu muna tare, ya san ba zan tambaya ba, ya kuma san in ban ji ba ba zan iya haɗiye ko ruwa ba. Allah ya biya shi.

Juma'a, 1 ga Agusta, da safe

Na dama kunun gyaɗa, na tace shi sau biyu, na sa tsamiya kaɗan yadda ba zai tayar da zuciya ba. Na zuba a fulas na ajiye kusa da takalmin Malam. Na ce ragowar na yara ne, in akwai masu jinya da ke so.

Ya ce, "Ragowa, da zafinta haka?" Na ce ya bar ni in ji da aikina.

Asabar, 2 ga Agusta, bayan magariba

An yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Tun ambaliyar bara yaran nan ba sa son jin ruwa a kan kwano. Shatin inda ya tsaya yana nan a bangon zaure, Malam ya ƙi a shafe. Na tara su duka a ɗakina, na kunna turaren wuta, na yi musu tatsuniya har uku, duk da na manta ƙarshen ta biyu sai da Mikail ya ƙirƙiro mata. Zayyad, ƙanen Rumaisa'u, ya ce, "Iya, a Kano ma ana ruwa? Umma ba ta tafi da lema ba." Na ce a cikin ɗaki ake kwas.

Hanifa ta karɓi kunu yau, ludayi guda. Da ta gama ta kwantar da kai a ƙirjina ba ta lalubi komai ba.

Litinin, 4 ga Agusta, da yamma

Malam ya ce wa Hanifa sakamako ya fito. Daga nan bai ƙara komai ba, sai wasa yake da yatsunta. Ban tambaya ba.

Talata, 5 ga Agusta, da hantsi

Na zuba gishiri sau biyu a miya. Sun cinye.

Alhamis, 7 ga Agusta, bayan azahar

Maƙwabciyata Serah, Maman Zion, ta shigo aron turmi, turmin da ta fi ni sanin inda yake. Mutuniyar Biu ce, ba ta iya kewaye-kewaye ba. Ta ce, "Hajja Saude, jiya na je na gan ta. Ta rame fa. Mu a wajenmu ba mu san wannan kunya taku ba. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, balle wadda kika haifa. Ki sa lafaya mu je."

Na ce wa zai kula da yara? Ta dubi tsakar gida, ga Rumaisa'u, ga manyan 'yan matan Mahmud biyu suna wanke-wanke. Ta dube ni. Ta ɗauki turmi ta fita, taɓaryar ma ta manta.

Ta rame fa. Yaya ta rame? Dama can ba jiki gare ta ba.

Asabar, 9 ga Agusta, bayan la'asar

Yau ranar tsifa ce da kitso. Na jera 'yan matan, na gama da ƙanana, Rumaisa'u ta zo ƙarshe ta zauna tsakanin ƙafafuna. Na tsefe rabin kan ke nan, ba ta juyo ba, ta ce, "Iya, Ummanmu ba Kano take ba."

Na ce wa ya gaya mata.

"Baba Malam. Kullum yana gaya wa Hanifa, ni kuma ina bayan randa. Za a yi mata aiki."

Dabarar da aka yi domin kunnena, ashe kunne biyu take ciyarwa. Mun manta yaro ma yana da kunne. Na ce ta yi addu'a, kuma kada Zayyad ya ji.

Ta ce, "Ba zai ji ba." Sannan ta ce, "Kowa ya je. Kawu Mahmud ya je, Anti Amma ta je, har Maman Zion. Ke kaɗai ce ba ki je ba. Ko sunanta ba kya faɗa, sai ki ce uwar su wance. Me ta yi miki?"

Na ce, "Kunya ce, ke yarinya ce ba za ki gane ba."

"Kunyar me? Ba ke kika haife ta ba?"

Na ce, "Ai shi ya sa."

Ta ce, "Ni dai na san ba kya son ta." Ta zame daga hannuna ta tashi, rabin kai a tsefe, ta ɗaura ɗankwali a haka.

Asabar ɗin dai, bayan magariba

Yaran zamani! Mu a da ko ido ba ma haɗawa da kakanninmu in magana ta kai nan. Wai ba na son ta. Ni! Wa ya yi ta leƙen ta ta katanga tana tafiya makaranta? Wa ya tara mata kwalla da tasoshi ɗaya bayan ɗaya, aka kai ɗakin uwar Malam aka ce ita ta saya? Ranar haihuwar ita wannan mai bakin, wa ya yini a kan sallaya bai karya ba? Ba a faɗa ne kawai. Abin da ya fi girma ba a ɗaukarsa a baki, haka aka koya mana.

To amma in ita jikar haka ta gani, uwar fa? Me ta gani duk shekarun nan?

Lahadi, 10 ga Agusta, da safe

Rumaisa'u ta gaishe ni, ta yi shara, ta yi wa Hanifa wanka. Ba ta kalle ni ba.

Talata, 12 ga Agusta, bayan azahar

Zayyad ya tambayi yayarsa yaushe Umma za ta dawo. Ina jin ta daga kicin. Ta ce, "Sai an gama kwas," murya sumul, har da yi masa dariya. Ta koyi shiru a 'yan kwanaki, kuma a gidana ta koya. Ban ji daɗi ba. Wallahi ban ji daɗi ba.

Mikail ya faɗo daga darbejiya ya fasa leɓe, haƙori ɗaya ya fita. Na ce ango da giɓi, na fasa auren. Ya ce dama ya gaji da burabisko.

Alhamis, 14 ga Agusta, da yamma

Na je.

Na sa lafaya, Maman Zion ta tare mana keke. Duk hanya ina shirya abin da zan ce. Muna shiga ɗakin sai ga uwar Haruna da ƙannenta biyu a kan tabarma. Surukai! Duk abin da na shirya ya bi iska. Na zauna muka gaisa, ya gida, ya damina, ya yara. Na ce musu, "Ya mai jiki?" Su na tambaya, alhali ga ta nan kwance, in na miƙa hannu zan taɓa ƙafarta.

Na kalli ledar ruwan da ke rataye, na kalli fanka, na kalli fulas ɗina a kan durowa. Ita ban kalle ta ba, sai hannunta da ke kan zani. Awarwaron da take sawa ya zame har gwiwar hannu.

Ta ce, "Yaya, sannu da zuwa. Ya Hanifa?"

Na ce, "Tana nan."

Ta ce, "Kunun yana min daɗi."

Na ce, "Ragowar na yara ne."

Da za mu fito uwar Haruna ta rako mu, tana cewa ƙannenta, "Kun ga kara? Irin su Hajja sun ƙare a duniya. Ko kallon ta ba ta yi ba." Yabo take yi, har zuciyarta. Ban taɓa jin yabon da ya yi min ciwo irin wannan ba. A cikin keke na ja lafaya na rufe fuska. Maman Zion ta riƙe min gwiwa har Lamisula.

Juma'a, 15 ga Agusta, bayan la'asar

Malam ya ce wa Hanifa aikin ranar Litinin ne, da safe. Ya ce likita ya yarda gobe ta zo ta ga yara, ta koma kafin magariba. Da ya gama ya ɗaga murya ya ce, "Na bayan randa ma ya ji."

Asabar, 16 ga Agusta, bayan magariba

Ta zo. Haruna ya biya ta Kasuwar Litinin ya sayo alkaki da gurasa a matsayin tsarabar Kano. Mikail ya ɗanɗana ya ce na Kano ya fi na nan daɗi nesa ba kusa ba. Yara suka yanyame ta, Umma oyoyo, Anti oyoyo. Zayyad ya ce kwas ɗin ba a ba da abinci ne? Ta ce malaman ne marowata. Rumaisa'u ta tsaya daga gefe tana kore ƙanana kada su faɗa mata a jiki.

Sai aka kawo Hanifa. Uwar ta buɗe hannu. Yarinyar nan ta kalle ta, ta kalle ta, sai ta juya ta cusa kai a zanina ta ƙanƙame ƙafata. Uwar ta yi dariya ta ce, "Lallai yaye ya kama." Ta mai da hannuwanta kan cinya. Da na san haka yayen zai kama da ban yi masa ƙoƙari ba.

Da ta gaji aka ce ta shiga ta kwanta. Ɗakina ne kaɗai ba kayan yara a kan gado. Na shiga ɗauko carbi, ko kuma dai na shiga. Hanifa tana bayana a goye. Na juya zan fita ta ce, "Yaya, ki ɗan tsaya."

Na tsaya ina fuskantar ƙofa.

Ta ce, "Na riga na gaya wa babansu. In Allah ya yi ikonsa ranar Litinin, manyan za su zauna wurinsa. Hanifa kuwa taki ce. Ta saba da ke. Yadda kika ba da ni aka riƙe, ni ma na ba ki ita. Na san ita ba za ki ji kunyarta ba."

A hankali ta faɗa, ba gori a ciki. Da gori ne da ya fi min sauƙi.

Ban san lokacin da na juyo ba. Na kalle ta, fuska da fuska. Goshin uwata ne da ita sak, ban taɓa tsayawa na gani da kyau ba sai yau. Na ji raina ya ɓaci. Na ce, "Ban karɓa ba. Yaye aka kawo min, ba riƙo ba. Na yi nawa, ta ci kunu, ta ci tuwo. Gwiwoyina ciwo suke, gero ya ƙare, na gaji da 'ya'yan mutane. Ki je a yi miki abin da za a yi, ki tashi da ƙafarki ki zo ki ɗauki 'yarki. Kina ji na, Gumsu?"

Shi ke nan ya fita. Ga shi ma na rubuta.

Na zauna a bakin gadon na kama ƙafarta, sanyi ƙalau, na yi ta murzawa. Muna nan a haka har Haruna ya yi sallama daga tsakar gida ya ce lokaci ya yi. Da na ɗaga labule Rumaisa'u na tsaye a wurin da kofin ruwa a hannu, ban san tun yaushe ba.

Lahadi, 17 ga Agusta, da hantsi

Rumaisa'u ta zo da mataji da man kitso ta zauna a gabana. Kan ya cukurkuɗe ƙwarai. Na yi mata shuku.

Litinin, 18 ga Agusta, da safe

An shiga da ita. Malam da Mahmud suna can. Na sa yara duka sun yi alwala, na ce yau addu'a za mu yi wa masu kwas. Ya Allah, ban taɓa roƙonka ita da suna ba, ka san dalili. Yau na roƙa.

Litinin, bayan azahar

Shiru.

Litinin, bayan la'asar

Mahmud ya bugo. An fito da ita, ba ta farka ba tukuna. Na tambaye shi numfashinta, na tambaye shi launin fuskarta, na tambayi abin da likita ya ce kalma da kalma. Ya ce, "Iya, ke ce kuwa?" Na ce ya amsa min abin da na tambaye shi.

Talata, 19 ga Agusta, da yamma

Na ɗora tuwo ke nan wayar Malam ta yi ƙara. Ya duba ya ce Haruna ne. Kafin ya kai ta kunne na karɓe, hannuna duk gari.

Haruna ya ce, "Iya, ta farka tun ɗazu. Likita ya ce da sauran tafiya, akwai magani na watanni a gaba, sai dai a ci gaba da addu'a. Ga ta, wai ke take nema."

Na ji motsi, na ji numfashi. Sai muryarta, can ƙasa, da ƙyar take fita. Ta ce, "Rannan ciwo ya toshe min kunne. Ban ji da kyau ba."

Ja'ira. Daga tashi sai tsokana.

Tsakar gida cike, Malam a kan tabarma, jikoki sun bar wasa sun zuba min ido, Maman Zion ta leƙo ta katanga. Na juya musu baya, sai kuma na ga ba amfani, na juyo.

Na ce, "Gumsu."

Ta ce, "Na'am."

Na rasa abin da ake cewa bayan wannan, ban taɓa zuwa nan ba. Sai na sake kira, ta sake amsawa. Muna nan a haka har tuwon ya kama.